Ƙosassun da Yusha'u Ya Ware

Duk Kwanyawa an san Yusha'u da idon zaɓen iri. Tun yana saurayi, in an girbe dawa, shi ke bin zangarniya yana ware manya, kuma gonarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wannan ne ya sa ya daina tambayar kowa komai, ko da hanya ce ta ɓace masa.

Da ciwon ajali ya kama wansa Sulle, sai ya bar masa marayu da kududdufin karfasa a bayan gari.

"Da kifin nan nake ciyar da yaran nan," in ji Sulle. "Amana, Yusha'u, kada irin ya ƙare."

Rani ya tsananta, ruwa ya ja baya, dole a rage kifi. Yusha'u ya yi abin da ya iya. Ya ware ƙosassu ya mayar da su ruwa. Ƙananan kuwa, wasu aka kai kasuwar Karaye, saura suka shiga tukunya.

Damina ta zo ta wuce, babu ɗan kifi ko ɗaya. Ƙosassun sai ci da faɗa da tona ramuka a taɓo. Yusha'u ya zargi kwaɗi, ya zargi tsuntsaye. Tsoro ya shige shi sosai, har ya fara kauce wa ƙofar gidan marayun.

Da abin ya ishe shi, ya sauke girman kai ya kira Jibo, wani masunci daga dam ɗin Challawa. Jibo ya riƙa kamo kifin yana duba cikinsu, sannan ya girgiza kai.

"Malam Yusha'u, ai maza zalla ka tara. A karfasa namiji ne ke girma. Macen a baki take renon ƙwai, ba ta ko cin abinci, ina za ta yi ƙiba? Zan samo maka mata a dam, amma na Sulle kam sun tafi."

Yusha'u ya koma gida, ya gaya wa matarsa Khadijatu. Sai ta ce:

"Malam, ranar da nake gyara ƙananan nan, na ga ƙwai cike da bakinsu. Na biyo ka zaure da guda a hannuna, ka ce me mace ta sani a harkar iri."

Yusha'u ya sunkuyar da kai. Ya tuna miyar ranar. Har ƙari ya nema.