Gimba da Maroƙin Neman Aiki

Duk wanda ya zauna unguwar Diobu ta Fatakwal a shekarun da man fetur ya fashe da arziki ya san Gimba, maigadin kamfanin shimfiɗa bututu. Amma ba kowa ya san yadda ya samu kujerar nan ba.

Bayan yaƙin basasa Gimba ya dawo Fatakwal, ya koma dakon albasa a kasuwar Mile 3. Ana nan, bayansa ya ce ya gaji. In ya sunkuya, sai matarsa Mero ta dafa shi kafin ya miƙe.

"Malam," in ji ta, "ka nemi aikin zama, tun ba ka koma rarrafe ba."

Sai ga labari kamfani na neman maigadi, amma sai da takardar tarihin aiki. Gimba ya tafi wajen Falalu mai tafireta.

"Faɗi abin da ka iya," in ji Falalu.

"Ni? Subhanallahi! In yabi kaina da bakina?"

"Kana da ƙarfi?"

"To, Allah ne mai ƙarfi."

"Gaskiya fa?"

"Muna dai lallaɓawa."

Falalu ya zare takardar. "Baba, da wannan ko gadin kaji ba za a ba ka ba."

Gimba ya kwana yana tunani. A garinsu, yabo aikin maroƙi ne. Sai ya ɗauko Kallamu, maroƙin da ke bin bukukuwan 'yan arewa, ya zaunar da shi gaban tafireta. Kallamu ya toshe kunne da yatsa ya ɓarke: "Gimba ƙyauren ƙarfe! Gimba da sauro ke neman izini kafin ya cije shi!" Falalu na juyawa Turanci yana bugawa, gumi na zuba. Shafi ya cika, aka juya baya.

Ranar ganawa, manaja ya karanta, ya cire tabarau, ya dubi Gimba da ke dafe da ƙugu.

"Na you be this?" in ji shi da Turancin buroka, wato "Kai ne wannan?"

Gimba ya sunkuyar da kai. "Ɗan kaɗan dai, ranka ya daɗe."

Aka nuna masa ƙofa.

To, Kallamu na waje yana jira. Shi kuwa maroƙi, in aka kunyata gwaninsa, zambo ke biyo baya. Ya tsaya daidai tagar ofis ya ɗaga murya: "Manaja mai wuyan kwalba! Tumbi gaba, mai shi na baya!" Leburorin arewa suka zubar da shebur suna dariya. Ashe manajan a Sabon Garin Kano ya tashi, yana jin Hausa, ba abin da ya wuce shi. Washegari Kallamu ya dawo da sabon baiti a kan takalminsa. Rana ta uku har da mai kalangu.

Manaja ya aika a kira Gimba. Da Hausa tsantsa ya ce, "Kai, za ka iya hana mutumin nan shigowa?"

"To, a gwada."

Nan take aka ba shi kaki da kujera.

Gimba ya tsufa a kan kujerar nan, bayansa ya huta. Kowace safiya kuwa Kallamu kan zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya da ƙarfi, yadda manaja zai ji. Gimba ya daka masa tsawa, "Wuce nan!" Sannan su zagaya bayan katanga su sha kokon da Mero ta aiko.