Tabarmar da Na Janye

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ni saurayi ne mai ji da kansa a wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada. Karatuna bai wuce elementare ba, amma ni ɗan ƙanen dagaci ne, kuma a lokacin wannan ya fi takarda. A bayan garinmu akwai rinji, unguwar jikokin bayin kakanninmu. Bauta ta daɗe da ƙarewa, sai dai in ana taro a ƙofar dagaci mu ke hawa tabarma, su a ƙasa suke zama. Ba wanda ya taɓa faɗi, kowa dai ya sani.

Da aka zo da zaɓen kansila, dattawa suka taru don tsayar da mutum ɗaya. Sai wani ɗan rinji, malamin asibiti, ya ce yana so. Tare muka yi kiwon awaki muna yara, na sha cin tuwon uwarsa. Bukatarsa rijiya ce kawai. Mutanensa ruwan tafki suke sha tare da shanu, kurkunu na kwantar da su kowace damina, alhali mu muna da rijiyoyi cikin gari. Ranar taron ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin tabarmar da nake kai. Dattawa suka zuba mini ido. Na miƙe na fizge tabarmar har ya dafe ƙasa, wani ya bushe da dariya ya ce yau rinji ya tuna wurinsa. Shi kuwa ya kakkaɓe hannu ya dube ni ya ce, "Ɗauki abarka, ɗan'uwa. Ni ruwa na zo nema." Ya zauna a ƙasa ya ƙarasa bayaninsa. Da aka ce a ɗaga hannu, ko mutanensa ba su iya ɗagawa ba. Aka tsayar da surukin dagaci. Rijiya ba ta isa rinji ba sai da na fara furfura, kafin nan kurkunu ya gurgunta ƙanwar malamin asibitin.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa haka muka tarar. Yanzu jikokina kan yi gardama, wannan ya ce lalaci ya bar 'yan rinji a baya, wancan ya ce danne su aka yi. Ni kam na ga dannewar, kuma da hannuna aka yi ta. Al'adar na tarar, amma ba wanda ya ce mini in tashi in janye tabarmar.

Ina jan kunnen matasa: kada kallon manya ya sa ku wulaƙanta mutum don asalinsa, su za su mutu su bar ku da abin. Bara malamin asibitin nan ya rasu ban nemi gafararsa ba. Da na je gaisuwa, ɗansa ya taso ya shimfiɗa mini tabarma ya ce, "Bismilla, Baba." Na kasa hawa. A ƙasa na zauna.