Hatimin Malama Hisae

Kuramochi Hisae ta gaji kantin giya daga surukinta. Ta riƙe shi tare da mijinta shekara talatin da ɗaya, bayan rasuwarsa kuma ta ci gaba ita kaɗai. Ƙaramin kanti ne a gangaren da ke ƙasa da jami'a, tsakanin mai gyaran keke da mai awara. Ita gajera ce mai faɗin kafaɗa, irin ta wadda ta tsufa tana ɗaukar kiret, kuma ba ta da yawan magana. Da safe tana tsaron kanti, da rana ta loda 'yar motarta ta zaga mashayun unguwa tana sauke musu kaya. Sana'arta ba ta taɓa ba ta kunya ba sai wata Juma'a a watan Afrilu.

Ƙarfe uku na ranar ta kai manyan kwalabe goma na barasar dankali mashayar Ogaki Tsuneo, wanda ya yi suna wajen ɗalibai saboda tsarinsa na sha-iya-shanka na awa biyu. Ya ce ta haura da su bene. A ɗakin ƙurya ta tarar an shimfiɗa shuɗin tamfol a kan tabarmi, an jera bokiti shida a jikin bango, kowanne da baƙar leda a ciki, ga barguna a ninke.

"Fenti za ka yi?" ta tambaye shi.

"Wane fenti, Hisae-san! 'Yan ƙungiyar tseren kwale-kwale ne ke karɓar sababbin ɗalibai yau. Nan ne masaukin waɗanda suka zube."

Ta sunkuya, ta gode masa da ciniki, ta sauko.

Washegari aka ɗaga bargo aka tarar da ɗaya daga cikin sababbin ɗaliban, Amemiya Keigo, ya yi sanyi. Shekararsa goma sha takwas, kwanansa goma sha biyu a garin. Abokansa sun ce sun ji yana minshari, sai suka ɗauka barci yake. Daga inda motar asibiti take ajiye zuwa ƙofar mashayar tafiyar minti huɗu ce. Ba wanda ya kira ta. An rushe ƙungiyar, an rufe mashayar wata biyu, ta sake suna, ta buɗe.

Da mahaifin Keigo ya bi layin kanti-kanti yana tambaya, kowa ya sunkuya masa ya ce bai ga komai ba. Hisae ce kaɗai ta zaunar da shi, ta zuba masa shayi, ta gaya masa yawan bokitan da lokacin da ta gan su. Shi kuma ya gaya mata cewa duk gidansu ba mai iya sha. Kurɓi ɗaya, fuska ta yi ja.

Ba ta ƙara kai wa Ogaki ko kwalba ɗaya ba. A shekarar ta nemi zama mai bayar da horo a ƙungiyar masu sayar da giya ta gundumar, aka karɓe ta hannu bibbiyu don ba mai son aikin. Duk mai sayar da kwalba sai ya zauna horon nan bayan kowace shekara uku: awa uku a zauren da ke saman ofishin ƙungiya, ɗan littafi, da majigi. Ba jarrabawa. Wanda ya kai ƙarshe a kan kujera ya samu takardar shaida da hatimin mai horarwa, ya rataya ta kusa da teburin ciniki. Rabin zauren barci suke yi, hannu harɗe a ƙirji. Don ta tashe su ne ta ƙara abu ɗaya daga aljihunta: filasta mai ɗigon barasa a auduga, a manna a cikin dantse minti bakwai, a cire, a jira. Wanda fatarsa ta yi ja, jikinsa ba ya iya narkar da giya.

Shekara shida tana haka. Sai wata Talata a watan Fabrairu ta ga sunan Ogaki a jerin mutum ashirin da uku. Yana so ya fara sayar da kwalabe a tafi da su gida, kuma ba dama sai da takardar.

Ya zo da wuri, ya zauna a gaba, ya ƙara ƙiba. "A'a, Malama! Yau kuma ni ne ɗalibinki. A yi mini a hankali, kaina ya tsufa."

Ta ce ya buɗe shafi na ɗaya. A baya can, Nirasawa, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar, ya riga ya lumshe ido kusa da hita.

Cikin awa ta biyu ta yi tambayar da take yi kullum: mutum ya sha ya kwanta yana minshari, ka mintsine shi bai motsa ba, me za ka yi? Yawanci shiru ake yi. Ogaki ya ɗaga hannu.

"Wannan ai fagena ne. A kwantar da shi ta gefe, a lulluɓe shi, a ajiye masa bokiti."

"Sannan?"

"Sannan a bar bawan Allah ya huta."

"Motar asibiti fa?"

"Haba, Malama! A zo ana jiniya a ƙofar mutum? Gobe jami'a ta ji, a kori 'ya'yan mutane, a rushe musu ƙungiya? Ni tausayinsu nake ji. Ki je ki ga ɗakina yanzu, bokiti takwas, har da na'urar ɗumama ɗaki. Wace mashaya ce ke wannan hidima a layin nan?"

Wasu suka yi 'yar dariya. Ta ce minshari irin wannan alama ce ta numfashi na shirin tsayawa, kuma amsar tana shafi na arba'in da biyu. Ya ce to, to, ya lanƙwasa gefen shafin.

Sai aka zo kan filasta. Ta bi layi tana mannawa, har ta zo kansa. Ya naɗe hannun riga ya miƙo mata dantse fari mai taushi. Da aka cire, ba a ma jira ba: wurin ya yi jawur kamar dafaffen jatan lande.

Mai kantin da ke gefensa, wani dogo mai suna Tobita, ya kwashe da dariya. "Kai, Ogaki! Ashe jariri ne kai!"

"Yau ka sani? Shekara arba'in ban kai ɗigo bakina ba. Ranar bikina aka ɗura mini ƙaramin kofi uku, sai farkawa na yi a asibiti da roba a hanci. Likita ya ce da an ƙara rabin awa, da matata ta yi takaba da kayan amarci."

"To wanda kake ɗagawa kana yi wa yara kirarin a shanye, a shanye, mene ne?"

"Shayin sha'ir da ƙanƙara. Launinsu ɗaya." Ya kashe ido. "Ni daga bakin ƙofa nake gane irina. Kurɓi ɗaya, kunne ya yi ja, sai in ce a ƙaro bokiti."

Zauren ya ɗauki dariya, har Nirasawa ya farka ya taya su. Hisae ta ce a huta minti goma. Ta shiga banɗaki ta wanke yatsun da ta taɓa dantsensa da su, ta ɗauraye, ta sake sa sabulu. Shekara shida tana ɗauka jahilci ne ya kashe yaron nan, shi ya sa take koyarwa. Ashe mai ɗakin ya sani sarai, a jikinsa ya sani. Shi an kira masa motar asibiti.

Ƙarfe huɗu aka yi layi. Ta buɗe 'yar jakar hatiminta, ta dangwala jan tawada, ta buga ashirin da biyu ɗaya bayan ɗaya. Da Ogaki ya miƙo hannu biyu, ta goge hatimin da takarda, ta mayar cikin jaka, ta ja zif.

"Malama, kin tsallake ni."

"Ban tsallake ka ba."

Nirasawa ya taso yana jan silifa, ya yi ƙasa da murya. "Hisae-san, me ke nan? Mutumin nan ya zauna awa uku cif. Shi kaɗai ma ya amsa tambaya."

"Ka ji amsar, Shugaba?"

"Takardar nan ba ta ce mutum nagari ne ba. Cewa ta yi ya halarta. Ya halarta ko bai halarta ba?"

"Ya halarta. Amma iyayen da za su gan ta a bango ba haka za su karanta ta ba. Kuma sunana za su gani a ƙasa."

"Abin da ya wuce ya wuce. Ya biya tara, ya sunkuya a gaban kowa. Kada ki kunyata ƙungiya a gaban mutane."

"Akwai hatimi a aljihunka, Shugaba."

Tsohon ya tsotsi iska ta haƙora, ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya laluba aljihun ciki, ya ari jan tawadarta, ya buga. Hatimin ya ɗan karkace. Ogaki ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya wa shugaba, ya sunkuya mata ita ma har ƙasa. "Na ƙaru ƙwarai, Malama."

Bayan mako uku aka aiko mata da wasiƙar godiya bisa doguwar hidima, da kwalin alewar wake. An ba Tobita aikinta na horarwa. Ta ba mai gyaran keke alewar.

Takardar tana nan rataye a mashayar, cikin firam, daidai ƙasan matakalar bene. Ba sunanta a jiki.

Tun daga lokacin, a makon farko na kowane Afrilu, da tsakar rana, tana fito da ɗan tebur ƙofar kantinta da kwalin filasta da auduga. Sababbin ɗalibai suna gangarowa daga jami'a cikin sababbin takalma, ta tare su ta ce su naɗe hannun riga. Wasu su yi dariya su wuce. Waɗanda suka tsaya, tana duba agogo tare da su minti bakwai. In fata ta yi ja, ta ce, "Kai ba naka ba ne. Ko wa ya zuba maka, kife kofin." In ba ta yi ja ba, ta ce, "Kai kuma in ka ji abokinka na minshari, kada ka nemi bargo." Sannan ta kama hannun, ta rubuta 119, lambar kiran motar asibiti, da biro a bayansa, ta saki.