Orval da Rundunar Masu Tsalle

Orval Tessmer ya tsufa yana tuƙa motar 'yan makaranta a jihar Wisconsin ta Amurka, da ya yi ritaya sai ya koma noman dankali, wai shi dankali ba ya jifan direba da takarda. Burinsa ɗaya a duniya: shuɗin ƙyallen nan da ake maƙala wa gwanin dankali a bajekolin gunduma. Ƙyallen kuwa kowace shekara gidan maƙwabciyarsa Bernadine Kowalke yake kwana.

Akwai wani ɗan ƙwaro kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai tsalle da tafiya a karkace kamar Orval in ya bugu ranar Asabar. Iskar kudu ke kawo shi da bazara. Ba ya tauna ganye. Maƙalewa yake a ƙarƙashi, ya soka baki ya tsotse ruwan, ya bar yawunsa ciki, sai gefen ganyen ya ƙone kamar an gasa. Ya fi son ciyawar dabbobi da ake kira alfalfa, amma ranar da aka yanke ta sai ya yi ƙaura, lambun da ke kusa ya shiga uku.

Orval ya san wannan. Yana kuma da ɗan filin alfalfa jikin shingen Bernadine. Sai ya hau tarakta ya aske shi tas, yana fito.

Bernadine ta leƙo ta shinge. "Tsoho, yankan ciyawa tun yanzu? Ko fure ba ta yi ba."

"Motsa jiki ne, 'yar uwa. Likita ya ce."

"Likitan ne ya ce ka motsa tarakta?"

Abin da bai sa a lissafi ba, tuni ta lulluɓe dankalinta da farin yadi mai shara-shara, wanda shi da kansa ya yi ta yi wa dariya, wai ta yi wa kunyoyin lambu lulluɓin amarya. Rundunar ƙwarin ta iso, ta tarar da ƙofa a rufe, ta yi tsalle ta koma gidan wanda ya gayyace ta.

Ganyen dankalin Orval ya soye. Ya ce fari ne, ya yi ta ɗura ruwa har saiwa ta fara ruɓewa.

Ranar bajekoli ya iso da dankali kamar ƙwan kurciya. Bernadine ta ɗaga ɗaya, ta gyara tabarau, ƙyallen na lilo a ƙirjinta.

"Baɗi ma ka yanke da wuri, Orval. Ciyawar na tare mini rana."