Shekarun Tanti da Aka Rubuta da Sunana

Daga Damagaram na zo Paris karatu, na sauka gidan kawuna a Stains, hawa na tara. Kawu direban bas ne, gidan kuma cike yake da 'ya'ya, don haka ban yi wata uku ba na fara neman ɗan aikin da zan rage masa nauyi. A allon jami'a na ga wata takarda: ana son ɗaliba mai haƙuri da za ta riƙa zama da wata tsohuwa ran Laraba da rana da kuma Asabar.

Gidan yana yammacin birni, unguwar da ko sharar titi ba ka gani. Ɗan tsohuwar ne ya tarbe ni, dogon mutum mai furfura a gefen kai, mai sanyin magana. Mushe nake ce masa, yadda ake kiran maigida da Faransanci. Tambayarsa ta farko ba kan karatuna ba ce, ba kuma ko na taɓa jinya ba.

"Takardar zamanki tana ba ki izinin aiki?"

Na ce e. Ya yi murmushi, ya ce to shi ke nan, mun gama.

A kicin na tarar da matar da ke riƙe da gidan da gaske. Gajera ce, ƙaƙƙarfa, ta tasam ma hamsin, gashinta baƙi wuluk ta kitse shi jela ɗaya. 'Yar Peru ce. Faransancinta a kakkarye yake, nawa kuma na littafi ne, amma mun fahimci juna tun ranar. Na kira ta Tanti kamar yadda muke kiran sa'ar uwa a gida. Ita kuma ta ce mini mamita, wato ƙaramar uwa da harshensu, ko wani abu mai kama da haka.

Ita ta koya mini komai. Yadda ake juya tsohuwa a gado ba tare da an ji mata ciwo ba, yadda ake duba bayanta da diddigenta don kada fata ta saluɓe, yadda ake ba ta ruwa da cokali in ta ƙi kofi. Hannunta ya san jikin mutum fiye da duk malaman da na gani a jami'a. Da na tambaye ta inda ta koya, sai ta ce shekara ashirin ta yi tana ungozoma a asibitin wani gari can bisa duwatsun ƙasarsu. Ta buɗe jakarta ta nuna mini takardar shaidar karatunta, a naɗe cikin leda. A Faransa takardar ba ta da wani amfani. Ita kanta Tanti ba ta da takardar zama. Ta shigo da bizar yawon buɗe ido, biza ta ƙare, ta zauna, saboda ta bar 'ya'ya biyu wajen mahaifiyarta kuma albashin ungozoma a can ba ya kai su makaranta.

Ɗakinta yana can ƙarƙashin rufin benen, hawa na bakwai, ta matakalar baya da aka yi wa barori tun zamanin da. Na hau sau ɗaya. In ka miƙa hannuwa biyu ka kusa taɓa bango da bango. Kwana shida a mako take aiki, daga wankan safe har tsohuwa ta kwanta. Ni an ɗauke ni ne don ta samu ta je kasuwa, ta yi wanki da guga.

Ƙarshen wata na farko takardar albashi ta zo mini Stains. Na duba na ga an rubuta awoyin aiki da suka ninka nawa sau da yawa. Na kai wa Mushe, ina tsammanin kuskure ne.

"Ba kuskure ba ne," in ji shi. "Tsari ne kawai na takardu. Ita ba za mu iya rubuta sunanta ba, kin gane. Ke kuma wannan zai taimake ki in kin je sabunta takardarki. Kowa ya amfana."

Ya miƙo mini alƙalami, na sa hannu.

Zan faɗi gaskiya a nan, don fushin da nake yi da mutanen gidan nan bai wanke ni ba. Na gane abin da ake yi. Shi yana samun rangwamen haraji da sunana, ita tana yin aikin, ni kuma ina tara takardun da ke cewa ni ma'aikaciya ce mai ƙwazo. Da na je sabunta takardar zamana, ma'aikaciyar ta duba su ta gyaɗa kai, ba ta wahalar da ni ba. Na fito ina murna. Na sayo wa Tanti gyale a kasuwar Barbès, ta yafa, ta yi ta godiya.

Wata Lahadi ta tafi da ni wajen 'yan ƙasarsu. Wani fili ne a bakin daji, gefen birni, inda suke haɗuwa in rana ta fito. Mata sun zo da tukwane cikin jakunkuna, suna sayar da dankali da wata miya rawaya mai yaji, da wani abin sha ja-ja na masara da ya tuna mini da zoɓo. An ɗaura raga tsakanin itatuwa biyu ana buga ƙwallo. Tanti ta riƙa nuna mini mutane da haɓa. Wancan malamin lissafi ne a can, nan fenti yake shafawa a gidaje. Waccan akanta ce, guga take yi. Wannan mai dariyar ta yi rainon 'ya'yan mutane uku har sun shiga makaranta, nata ɗan tun yana goye ta baro shi, muryarsa kawai ta sani a waya. Babu wanda ya yi kuka ko ya yi ƙorafi. Suna ci suna dariya, ana musayar lambobin gidajen da ke neman mai aiki. Da motar 'yan sanda ta gifta a hankali, sai na ga murafen tukwane sun rufe kansu, fili ya yi tsit, har ta wuce.

Bayan shekara biyu jikin tsohuwa ya ƙara rauni, aka yanke shawarar mayar da ita Lyon wajen 'yarta. Tanti ta bi ta, domin tsohuwa ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nata. Ni aikina ya ƙare. Amma takardun albashi ba su daina zuwa Stains ba. Duk wata sai ambulan ya iso da sunana, yana cewa na yi jinya a garin da ban taɓa takawa ba. Ban kira kowa na ce a daina ba. Na sayi jakar takardu mai roba, ina jera su.

Shekara uku aka yi haka. Na gama digiri, na fara bincike. Wata ranar Talata ina ɗakin gwaji salula ta yi ƙara.

"Mamita, tsohuwa ta rasu," in ji Tanti. "A hannuna ta cika. Sun ba ni mako biyu in bar ɗakin."

Ta ce wata ƙungiya mai taimakon baƙi ta gaya mata cewa in tana da shaidar shekarun da ta yi aiki, da wasiƙa daga masu gidan, za ta iya neman takardar zama. Ta roƙi 'yar tsohuwar, an ce mata a bari a gama makoki. Ko zan iya zuwa in yi mata magana da Faransanci mai kyau?

Na hau jirgin ƙasa ran Asabar. Gidan yana kan tudu, ana hango kogi ta taga. 'Yar tsohuwar ta zaunar da mu a falo, ta kawo shayi. Na yi mata ta'aziyya yadda aka koya mini a gida, sannan na faɗi abin da ya kawo mu: wasiƙa ɗaya, shafi ɗaya, mai cewa wannan mata ta yi wa mahaifiyarta aiki shekara takwas.

Ta ajiye kofinta a hankali.

"Kin san yadda muke ƙaunarta. Kamar 'yar gida take. Amma ba ma'aikaciyarmu ba ce. Abokiyar iyali ce da ta taimaka mana."

"Madam, ita ta wanke mahaifiyarki kullum. Ita ta rufe mata ido."

"Ban musa ba. Amma a takarda ke ce ma'aikaciyar. In na rubuta abin da kike so, ɗan'uwana zai shiga matsala. Ke ma haka, ki yi tunani. Sa hannunki ne a ƙasan kowace takarda."

Ba ta ɗaga murya ba. Har ta tura mini farantin biskit. Sai na ce mata abubuwan da ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba. Na ce shekara takwas ba ta taɓa sanin warin zanin gadon uwarta ba, saboda wata ta baro tata uwar a bayan duniya ta zo ta ɗauke mata. Na ce ko karen gidan nan yana da littafin likita da sunansa a kai. Tanti tana jan hannun rigata tana cewa, "Ya isa, mamita, ya isa." Da za mu fita, matar ta ɗauko wata rigar sanyi ta marigayiya, mai tsada, ta ce Tanti ta riƙe don tunawa. Tanti ta karɓa, ta ce na gode. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai. A kan matakala na tambaye ta don me ta karɓa. Ta ce sanyi yana zuwa.

Ran Litinin muka je ofishin ƙungiyar. A bencin jira muka zauna kusa da wata mata mai faffaɗar fuska, ta rungume jakar leda cike da takardu. Ba ta jin Faransanci sosai, sai na gwada ɗan Ingilishin da na koya a makaranta. Ta ce daga tsibiran Marshall take. Ban taɓa jin sunan ba, na ji kunya. Ta ce kada in damu, mai karɓar baƙi ma ya ɗauka sunan mijinta ne. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ta aura, ya kawo ta, ya tafi ya bar ta. Gyaran ɗakunan otal take yi. Danginta da yawa suna Amurka suna yankan kaji a masana'anta, a tsaye cikin sanyi daga safe har yamma. Tsibirin kakanninta kuma ba a komawa, tun da aka gwada bamabamai a kansa ƙasar ta lalace. Na fassara wa Tanti. Tanti ta tambaya ko matar tana da 'yan ƙasarsu a Lyon. Matar ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna ƙirjinta. Tanti ta yage gefen wata takarda ta rubuta mata lambarta, ta ce in gaya mata ran Lahadi ana dafa abinci, ta zo.

Lauyan ƙungiyar, wani dattijo mai aikin sa kai, ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce in babu wasiƙar masu gida, abin da ya rage shi ne ni in rubuta shaida cewa aikin da ke kan takarduna ita ta yi shi. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Sai dai ki sani, kina shaida ne a kan kanki. Da waɗannan takardu kika sabunta zamanki. Ba zan iya yi miki alkawarin ba za a waiwaye ki ba."

Na koma Stains na gaya wa kawu. Ya ce, "Ɗiyata, ubanki ya damƙa mini ke don ki koma da digiri, ba don a sako ki jirgi da ɗan sanda a gefe ba. Ki yi mata addu'a." Ban ga laifinsa ba, shekara talatin ya yi yana taka ƙasar nan a hankali. Mako uku na yi ina jujjuya abin. Mako uku, alhali ita an riga an fitar da kayanta, tana kwana a kujerar wata 'yar ƙasarsu. Ba ta kira ni ko sau ɗaya ta tuna mini ba. A ƙarshe na rubuta, na sa hannu, na haɗa da jakar takardun gaba ɗaya na aika wa lauya.

Ba a waiwaye ni ba. Ita kuma ba a ba ta takardar zaman ba. Amsar ta zo bayan watanni, layi huɗu: shaidar ba ta wadatar ba tunda babu tabbaci daga mai ba da aiki. Na rubuta wa Mushe wasiƙa biyu, bai amsa ba. Na kira, ya ce yana cikin taro.

Tanti ta samu wani tsoho a wani ƙauye kusa da Lyon, ta fara daga farko. Wannan iyalin sun fi na baya tsoron Allah, bayan wasu shekaru suka rubuta mata wasiƙar, ta samu takarda. Kafin nan mahaifiyarta ta rasu, ba ta je jana'iza ba, don in ta fita ba dawowa. Da ta samu zuwa gida, 'yarta ta riga ta yi aure ta haihu, wata ungozoma ce ta karɓi haihuwar. Ta yi wata ɗaya ta dawo, ta ce mini a can ma baƙuwa ce, suna ba ta kujerar baƙi.

Yanzu a Lyon nake aiki. Mukan haɗu wasu Lahadin, gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, hawa bas sai ta dafa ni. Matar Marshall ta zo cin abinci sau biyu, daga nan lambarta ta daina shiga, babu wanda ya san inda ta nufa.

Kwanakin baya muna cin abincin rana a wurin aiki, wata abokiyar aikina, mace mai kirki wadda ke zuwa zanga-zangar kare haƙƙin baƙi, ta matso kusa da ni ta rage murya. Ta ce mahaifinta ya fara ruɗewa, gidan tsofaffi kuma tsada. Ta ji ina da ƙawa 'yar Peru. Ko ta san wata da za ta zauna da shi, ba sai an shiga dogon zancen takardu ba?

Na ce mata na san da yawa. Na ce ta fara rubuto mini kwangila da sunan matar a kai, da wasiƙar da za ta kai ofis, sannan in ba ta lamba. Ta yi 'yar dariya, ta ce za ta yi shawara da mijinta. Ta ɗauki farantinta ta koma wani tebur.