Tagar da Na Toshe wa Haruna

Kakata Hajiya Kubra ta yi raino a gidan wasu Larabawa a nan Madina. Shekara guda suka tafi da ita Ingila, wani ƙaramin ƙauye, saboda karatun ɗansu. Abin da ta dawo da shi kawai bargo ne da labari.

Lokacin sanyi, bayan magariba, takan hura gawayi a saman gidanmu na unguwar Ƙurban, ta ɗora shayi, ni da wana Haruna mu matso. "Ga ta nan," in ji ta, "amma wannan da idona na gan ta."

Ta ce ƙauyen duk dutse ne, cocinsu ya girmi kakan kakan kowa, ƙofofin kuwa sai ka sunkuya. Kusa da gada akwai tsohon gida mai tagogi uku da aka cike da bulo. Makahon gida take ce masa. Wai wa da ƙane ne suka gaje shi. Wan ya ɗauki ɗakin da rana ke shiga, ƙanen ya jira sai da wan ya yi tafiya, ya toshe tagogin tas.

Nan nake tafi ina dariya. Sai ta ɗaga mafici. "Kai, ya waladi, yaron nan, ban gama ba." Ƙarshen bai taɓa zama a kaina ba, toshewar nake so.

Da ta rasu, Haruna ya shige ɗakinta, wanda tagarsa ke kallon hasumiyar masallacin Ƙuba. Na ce ni na yi jinyarta. A gaban matata ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, kai da ƙarfe ka saba, me za ka yi da iska?"

Walda nake yi a unguwar Sultana. Wata uku na riƙe maganar. Ranar da ya kai iyalinsa Umara, na kawo faranti na ƙarfe, na liƙe tagar ta waje, na ce rumfar tanki nake yi. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Allah ya yafe mini, har yau in na tuna fuskarsa da ya dawo, wani abu a ƙirjina yana jin daɗi.

Bai yi faɗa ba. Ya shekara da fitila da rana tsaka, ƙaramar 'yarsa tana tari, sannan ya koma unguwar Aziziya. A bakin ƙofa ya ce, "Ka tuna ƙarshen labarin Kaka?" Shi ya gaya mini: wan ya bar ƙauyen, ƙanen ya tsufa shi kaɗai, ba wanda ya san ranar da ya mutu, domin babu tagar da za a leƙa.

Bara na yanke ƙarfen. Na aika masa hoton tagar a buɗe, da hasumiyar a ciki. Wayar ta nuna ya gani. Kullum da safe ina share ɗakin, ban sa komai a ciki ba.