Ranar da Na Yanka wa Alhaji Farashi

Shekara biyu ina zana wa mutane tambari kafin in iya buɗe baki in faɗi kuɗin aikina. Tambari nake nufi irin wanda ake mannawa a jikin jarka ko buhu ko ƙofar shago, don mai saye ya gane kayan wane ne tun daga nesa. A kwamfuta nake yi, a ɗakina da ke bayan zauren mahaifina, a wani ƙauye tsakanin Bici da Dawakin Tofa, inda gonar wannan ke ƙarewa a bakin ta wancan, babu ko filin da jaki zai yi birgima.

In na gama aiki aka ce nawa ne, sai in sosa ƙeya in ce, "Duk abin da ya sauwaƙa." Abin da ke sauwaƙa wa mutane kuwa, Allah ya sani, ba shi da nauyi. Mai shayin bakin titi ya biya ni da shayi mai kauri na mako guda. Wata mai ɗinki ta biya ni da addu'a doguwa, har da jikokin da ban samu ba tukuna.

A gida na sha wannan hali. Baba malami ne, kuma shi ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo a yankinmu, da tawada ja da baƙa da ruwan ɗorawa. Ban taɓa jin ya ce a ba shi kaza ba. Mai allo zai tura abin da ya kawo ƙarƙashin buzu, Baba ba ya ko kallon wurin sai baƙo ya fita. To amma shi malami ne. Ni kuwa mutum ne mai mata da 'ya'ya biyu da ya ajiye aikin koyarwa a Bici ya dawo gida yana latsa kwamfuta. Baba bai taɓa tambaya ta abin da nake samu ba. Sai dai ya leƙo ya ce, "Ana ta fama?" ya wuce masallaci. Wannan shirun ya fi zagi ci mini rai. Burina ɗaya ne: wata rana ya gani da idonsa cewa abin nan sana'a ce mai ci da gida, ba wasan yara ba.

Sai na shiga neman ilimin farashi a intanet. Nan na tarar da masu wa'azin kuɗi, kowanne da farin haƙori, suna rantsuwa cewa wanda bai san darajar kansa ba ba wanda zai sanar da shi. Ka rubuta farashi a takarda, in ji su. Ka kasa shi gida uku, ƙarami da matsakaici da babba, don mai saye ya ji kunyar ɗaukar ƙaramin. Ka karɓi rabi kafin ka fara. Ka faɗi kuɗin kana kallon tsakiyar idonsa. Wannan na ƙarshen ya ba ni wahala, domin tun da aka haife ni ban taɓa kallon idon babba ba, amma na yi ta gwadawa a madubi har matata ta tambaye ni ko ƙaiƙayi ne ya faɗa mini a ido.

Ana haka, bayan kaka, aiki ya zo daga wani Alhaji mai injin matse man gyaɗa a wajen Rimin Gado. Abokin Baba ne tun suna karatun allo, kuma ta bakin Baba saƙon ya iso ni. Mako uku na yi a kansa. Na zana ya fi ashirin na watsar, har na tsaya a kan kwanson gyaɗa guda, a buɗe, ɗigon mai na fitowa daga cikinsa. Har yau ban yi aikin da ya kai shi ba. Na je Bici aka buga mini shi a takarda mai sheƙi, aka buga mini takardar farashi ita ma, gida uku cif.

Alhaji ya zo da kansa ran wata Laraba da hantsi, direbansa ya ajiye a-kori-kura a gindin ɗorawar ƙofar gida. Suka gaisa da Baba a zaure, gaisuwar da ta kai ta ci rabin awa. Na durƙusa na miƙa zanen. Ya ɗaga shi sama, ya matsar da shi nesa, ya ce, "Tubarkalla! Malam, hannun nan naka ne."

Baba ya yi murmushi. Da ina da hankali da a nan na tashi na kawo ruwa. Maimakon haka sai na zaro takarda ta biyu, na ɗaga kai na kalli tsakiyar idon Alhaji kamar yadda aka koya mini, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne babban, dubu ɗari da hamsin."

Alhaji ya dubi takardar, ya dubi Baba, Baba ya dubi carbinsa. Sai Alhaji ya gyara zama, ya ture hula baya, fuskarsa ta washe irin ta mutumin da aka gayyata wasan da ya fi kowa iyawa.

"Au, ciniki za mu yi? To madalla. Na saya dubu ashirin."

Karambanin akuya, gai da kura. Mutumin da ya shekara arba'in yana taya gyaɗa a kasuwannin ƙauye shi na ja zuwa ciniki. Na ce albarka. Ya ce gyaɗa ɗaya ce fa a jiki, ko biyu ban sa ba. Na ce sauƙin zanen shi ne wahalarsa. Ya ce shi ma sauƙin biya yake nema. Na kawo maganar mako uku, ya ce ai gyaɗa wata uku take yi a ƙasa, kuma ya san kuɗin kwanonta. Ya ce fenti nawa na saya? Ban sayi ko gwangwani ba. Duk abin da masu farin haƙori suka koya mini ya ƙare kafin shayin da aka kawo ya huce. A dubu arba'in na sallama, kuma har ga Allah a lokacin na ji kamar na yi abin kirki, domin ban taɓa riƙe irinsu daga aiki ɗaya ba. Ya ƙirga su a gaban Baba, ya sa na sake ƙirgawa, wai ciniki ba ya son kunya.

Na raka shi mota ina riƙe da jakarsa. Sai na tarar direba ya buɗe bayan a-kori-kura, yana riƙe da igiyar wata karsana ja mai sheƙi, ta riga ta sa ƙafa ɗaya a kan katakon saukowa.

"Alhaji, a ɗaure ta a ina?" in ji direban.

"Mayar da ita. Da ta ɗan Malam ce, amma mun yi ciniki."

Ba da fushi ya faɗa ba, har dafa kafaɗata ya yi. Na tsaya a gindin ɗorawa ina kallon karsanar nan tana kallona har motar ta sha kwana.

Na daɗe a waje kafin in iya komawa zaure. Baba na zaune yadda na bar shi. Na durƙusa na ajiye kuɗin a gabansa, don ban san abin da zan yi da su ba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ɗauki abinka," ya ce. "Halal ɗinka ne. Ciniki sana'ar mutanen kirki ce, ba laifi ka yi ba."

Na ce, "Baba, so nake ka ga cewa sana'a ce."

"Na gani." Ya ja carbinsa. "Ni da ban ɗauke ta sana'a ba, shi ya sa ban taɓa tambayar ka nawa kake samu ba. Duk wanda ya tambaye ni me kake yi a ɗakin nan, cewa nake yi ilimi ne Allah ya ba ka, ka gaje ni."

Ya miƙa hannu ya jawo butarsa, ya ce in duba masa ko azahar ta yi.